Jitar da ke Hagu

Kafin in ba ku labarin abin da ya faru a falonmu ranar Asabar, dole in fara fasa muku ƙwan da na daɗe ina ɓoyewa, in ba haka ba ba za ku gane komai ba. Kunnena na hagu ba ya ji. Ba wai sama-sama yake ji ba, a'a, a mace yake murus. Ina 'yar firamare hangum ya kama ni da wani zazzaɓi mai zafi, da kumburin ya sace sai ya tafi da jin gefen nan gaba ɗaya. Ban da 'yan gidanmu kusan ba wanda ya sani, don na ƙware wajen karkata kai da kallon leɓen mutum da yin murmushi a inda ya dace.

To sai ga shi mutumin da zuciyata ta ɗauko min, da kunne yake cin abinci. Ku yi dariyarku, ni ma da a kan wata ne da na fi kowa darawa.

Injiniya nake ce masa, shi kuma ya ce min Likita, alhali ni magani kawai nake miƙawa a kantin da ke ƙasan benen da situdiyonsa yake. Aikinsa gyara sautin mawaƙa da masu talla. Ban da wannan yana da shafi a intanet inda yake gwada kayan jin kiɗa, ya rubuta wa mutane wanne ya fi wanne. Ba irin iyafis ɗin da ake ratayewa a bakin titi ba. Waɗannan 'yan dunƙulallu ne da ake cusawa can cikin kunne su toshe shi ruf, wayarsu ta zagaya ta bayan kunne, irin na mawaƙa in sun hau dandamali. Monita yake ce musu. Mutum ne da magana take yi wa wuya, gaisuwa ma a taƙaice yake yin ta. Amma ka kuskura ka taɓo zancen sauti, sai ka roƙe shi ya yi shiru.

Farkon abin babu ƙarya a ciki, wannan ina so ku riƙe min. Wata rana ya sauko sayen maganin ciwon kai, fuska a murtuke, wai tun safe suke musu da abokan aikinsa a kan wani sabon monita. Ya zare guda daga kunnensa, ya goge da audugar da na ba shi, ya miƙo min ta saman kanta.

“Don Allah Likita, saurari wannan ki faɗa min gaskiya. Ke ba ruwanki da musunmu.”

Na dama ya miƙo. Na sa, na saurara.

“Matar nan mura take yi?” na ce. “Kamar ta toshe hanci take waƙar.”

Ya daki kantar har kwalaben maganin tari suka yi ƙara. “Abin da nake gaya musu ke nan tun safe! Ya danne mata murya! Ke, wa ya koya miki?”

Ba wanda ya koya min, ji na yi. Kuma ba zan ɓoye muku ba, tun da nake ba a taɓa yabon kunnena ba sai ranar. Har na tashi daga aiki kaina a kumbure yake.

Daga nan ya liƙe min. Kusan kullum sai ya sauko da wani abu a aljihu, yau na ƙarfe, gobe mai jiki garai-garai da ake hango cikinsa. Ya koya min cewa 'yar robar bakin ma tana canza sauti, ta soso tana rage tsini, kuma in ba ta toshe kunne da kyau ba bes ɗin, wato kaurin sautin, zubewa yake. Ya koya min ba a gwada biyu sai an daidaita ƙararsu, don wanda ya fi ƙara kullum shi kunne ke zaɓa. Ya sa na ji bambancin wayar hannu da 'yar na'urar kiɗansa mai girman sabulu: a waya, in waƙa ta yi shiru akwai wani siririn huci da ke bi ta ƙasa, a na'urar kuwa tsit. Duk waɗannan da gaske nake jin su. Kauri, tsini, murya kusa ko nesa, kunne ɗaya ya isa.

Abin da kunne ɗaya bai isa ba shi ne faɗi. Wai mai kunne biyu yana jin makaɗa a jere a gabansa, wannan a dama, wancan a hagu, mawaƙiya a tsakiya. Ni kuwa duk a gefe ɗaya suke cunkushe. Ranar da ya fara tambayata, “Jitar a ina kike jin ta?” da na ce masa Injiniya kunnena ɗaya ne, da tuni an wuce wurin. Sai na ce ya bari in ƙara saurara gobe. Na koma gida na buɗe shafinsa, na karance duk abin da ya taɓa rubutawa a kan waƙar da yake gwaji da ita, na haddace kamar mai shirin jarrabawa. Jita a hagu, can nesa, tana shigowa bayan ganga ta tsaya. Kuge a dama. Washegari na mayar masa da maganarsa da bakina, ya tsaya yana kallona baki buɗe. Da mansa na soya shi, kuma na yi ta soyawa har watanni.

Da maganarmu ta fara ƙarfi na ce wa Mama zan gaya masa. Tana guga a lokacin, ta dangwarar da dutsen ta juyo.

“Auta, kin manta wancan da ya fara neman aurenki? Uwarsa na jin labari ta ce abin gado ne, ba za a haifa mata jikoki kurame ba. Ciwon da kika kwanta a gabana kika tashi da shi, wai gado! Wa ya yi jinyar kukanki? Ki bari a yi auren, in ya so ki gaya masa a ɗakinki.”

“Mama, mutumin nan fa aikinsa na kunne ne.”

“Da kunnensa zai yi aikin ko da naki? Aurenki zai yi ko ɗaukarki aiki?”

Ban ga laifin Mama ba, tsoro ne irin na uwa. Nawa laifin shi ne daɗin da na ji da ta hana ni. Na samu inda zan fake.

Ranar Juma'a da rana ina kanti saƙonsa ya shigo.

“Gobe da la'asar zan zo da Yaya ta gaida Mama. Ita ta raine ni, in ta ce to, magana ta ƙare.”

“Allah ya kai mu. Wallahi gabana faɗuwa yake.”

“Kar ki damu. Zan zo da akwatina. Na gaya mata ba a yi kunne irin naki ba, ta ce sai ta gani da idonta.”

Na rubuta “Akwai maganar da nake so mu yi kafin goben.” Na zuba wa rubutun ido har wani ya shigo neman maganin ƙaiƙayi. Da ya fita na goge, na tura masa ɗan hoton nan mai dariya.

Ranar Asabar tun safe Mama ta tashi gidan tsaye. Aka sauke labulen falo aka rataya na baƙi, masu ruwan madara. Aka fito da kofunan gilas ɗin da ke kulle a kabad tun bikin yayata. Ni kuma na sa doguwar rigata ruwan toka mai aikin zare a wuya, na yafa siririn mayafi ruwan hoda, na sa 'yan kunne ƙanana don kar a ce na cika rawar kai. Mama da kanta ta zaɓa min wurin zama, ƙarshen doguwar kujera.

“Nan za ki zauna, bango a hagunki. Kar ki motsa ko gobara ake yi.”

Yayar tasa shugabar makaranta ce, kuma ko ba a gaya maka ba za ka gane. Doguwa, tabarau a kan karan hanci, in ta kalle ka sai ka tuna duk aikin gidan da ba ka yi ba. Na durƙusa na gaishe ta, na zuba mata lemo ban zubar ba. Ta tambaye ni karatuna, aikina, ko zan ci gaba da fita bayan aure. Na amsa komai a nutse, kunnen dama na aiki kamar bawa. Can sai ga ta tana dariya da Mama a kan tsadar gas. Na ga Mama ta saki jiki har ta jingina. Da a nan aka tashi, da yau wani labarin nake ba ku.

“To Yaya,” in ji Injiniya yana jawo ɗan akwatinsa baƙi, “yanzu za ki gani.”

“Kai dai ba ka zuwa ko'ina ba tarkacen nan,” ta ce. “A gidan surukai ma?”

“Ai ku bar shi,” in ji Mama, amma na ga ta gyara zama.

Ya nemi izinin Mama ya kashe fanka, wai ƙararta na shiga gwaji. Ya ɗauko kujerar roba ya ajiye a tsakiyar falo ya ce in dawo nan. Na kalli Mama, Mama ta kalli silin. Haka na bar bangona na zauna a gaban kowa, na tura mayafi bayan kunnuwa.

Ya jera monita kala uku a kan tebur, ya yi wa Yaya bayani kamar ɗaliba. Waya ɗaya zai yi amfani da ita ga dukansu, don kar a ce waya ce ta kawo bambanci. Ashe kowane ɗan dunƙule ana zare shi daga jikin wayar, wasu 'yan ƙusoshi biyu sirara ne ke riƙe da shi. Na'ura ɗaya, waƙa ɗaya, wuri ɗaya a cikin waƙar. Ni zan rufe ido, Yaya ce za ta sa min, don kar yatsuna su gane wanne ne.

Na rufe ido. Yatsun Yaya masu sanyi suka tura min na farko. In an toshe min dama, jama'a, duniya ɗaukewa take gaba ɗaya, ba na jin komai sai abin da aka sa min. Waƙar ta tashi. Da ta tsaya aka zare min na ce, “Wannan bes ya yi masa yawa. Yana da daɗi da farko, amma ya hau kan muryar matar ya zauna.”

“Kin ji ko, Yaya?” in ji Injiniya cikin murna.

Na biyu na ce ya cika tsini, in ta ja wasu kalmomi sai ka ji kamar ana tsira maka allura, ba za ka iya daɗewa da shi ba. Wannan ma gaskiya ce tsagwaronta.

“Ikon Allah,” na ji Yaya ta ce. “Lallai yarinyar nan.”

Wannan “lallai” ita ta kai ni ta baro.

Aka sa min na uku. Na ɗan ja mayafina da ke zamewa, na ji wani abu ya goge ni a wuya, na ɗauka gefen mayafin ne. Waƙar ta tashi, kuma wallahi wannan ya fi su duka. Muryar matar ta fito fes kamar tana zaune kusa da ni, gangar da nauyinta amma ba ta danne kowa ba. Da na faɗi haka na yi shiru, da na ci jarrabawa. Ba wanda ya tambaye ni faɗi. Ku sake karantawa: ba wanda ya tambaye ni. Ni ce na ga ban gama burge Yaya ba. Ban ma jira waƙar ta ƙare ba na buɗe baki, da ƙarfi kuma, irin na wanda aka toshe wa kunne.

“Wannan shi ne sarkinsu! Ku ji faɗi! Ga kugen nan a dama. Bari gangar ta tsaya... yauwa, ga jitar can ta shigo a hagu, can nesa.” Har da ɗaga hannu ina nuna wajen taga. “Ina jin yatsan mutumin yana goga tsirkiya. Sauran biyun sun matse ta, wannan ya sake ta.”

Waƙar ta yanke a tsakiya.

Na buɗe ido da murmushina. Injiniya na tsaye, yatsansa a kan na'urar, fuskarsa kamar an watsa masa ruwan sanyi. Mama ta miƙe rabi daga kujera, hannu a baki. Daga baya ta ce min ta yi tari, ta kira sunana har sau ba adadi. Yaya kuwa ba fuskata take kallo ba, ƙirjina take kallo. Na sunkuya.

Wayar hagu ce kwance a kan aikin zaren rigata, 'yan ƙusoshinta biyu a waje. Na kai hannu kunnena. Ɗan dunƙulen na nan daram a ciki, ba ya haɗe da komai.

Na zare na dama, falon ya dawo min. Ba abin da ke motsi sai agogon bango.

“Tun kafin waƙar ta fara mayafinki ya fizge ta,” in ji Yaya a hankali. “Ƙanena ya tashi zai tsayar, sai kika fara magana.”

“Mura take yi,” Mama ta yi caraf. “Kwana biyun nan kunnen ya toshe mata, na ce ta sha magani...”

“Mama, ku yi haƙuri,” in ji Yaya. “Mai mura ba ya ji ne. Ita kuwa ji take yi.”

Injiniya ya yi gyaran murya. “Wataƙila... wani lokaci sautin yana ɗan zubowa ta ɗaya gefen...” Bai iya ƙarasawa ba. Shi da hannunsa ya rubuta cewa a waƙar nan jitar ba ta leƙa dama ko kaɗan. Mutumin da bai taɓa yi wa sauti ƙarya ba, yau ya fara saboda ni, a gaban yayarsa. Wannan ya fi komai ƙona min rai. Na ji da ma ƙasa ta tsage in shige.

“Ba ya ji,” na ce. Muryata ta fito kamar ba tawa ba. “Kunnen nan ba ya ji, tun ina yarinya. Ban taɓa jin jitar nan ba.”

Mama ta fashe da kuka. “Ni na hana ta faɗa. Ni ce. Ku ga laifina, kar ku ga nata.”

Yaya ta cire tabarau ta goge da bakin mayafinta, ta daɗe tana gogewa. “A makarantata akwai yara masu kunne ɗaya. Gaba nake zaunar da su, shi ke nan. Wannan ba abin ɓoyo ba ne, Mama, kuma mu ba mutanen da za a ɓoye wa ba ne.” Ta mayar da tabarau ta dube ni. “Amma yadda kika ɗaga hannun nan kina nuna taga, ko gezau...” Ta girgiza kai, ta ɗauki jakarta. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Shi kuwa ya durƙusa yana mayar da kayansa ɗaya bayan ɗaya, kowanne a gurbinsa. Gurbi ɗaya ya rage. Sai da ya ɗago ya kalle ni na tuna, na zare ɗan dunƙulen daga mataccen kunnena na sa masa a tafin hannu.

Mama ce ta tura ni in raka su. Yaya ta shiga mota ta ja ƙofa. Shi ya tsaya a bakin get da akwatin a hannu, ya matso, sai kuma ya tsaya yana duban kunnuwana.

“Hagu ko?”

Na gyaɗa kai. Ya zagayo dama.

“Duk abin da kika riƙa gaya min...”

“Kauri da tsini da murya, wallahi ina ji. Ban taɓa yi maka ƙarya a kansu ba. Faɗin ne kawai. A shafinka nake karantawa.”

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. “Ni ina ta murna na samu wadda take jin abin da nake ji. Har rubuta wa mutane nake, mu biyu muka saurara, bakinmu ya zo ɗaya. Ashe da kaina nake hira.”

“Ka yafe min, Injiniya.”

“Ba kunnen ba ne, Likita. Wallahi ba kunnen ba ne.” Ya sauya wa akwatin hannu. Ya kalli motar, sai na ga fuskarsa ta canza, kamar wanda ya tuno ya bar wuta a kunne. “Ranar da na kawo ki gida ana ruwa. Ina tuƙi, kina gefena.”

Nan take na gane inda ya dosa. A mota mai tuƙi a haguna yake. Ranar kuma ruwa na dukan rufin kamar zai fasa shi.

“Kin ji abin da na ce miki?”

Ƙaryar ta zo har bakin leɓena, a shirye, don ta saba hanya. Na haɗiye ta.

“Ban ji ba.”

“Amma kika ce ‘ni ma.’”

“Fuskarka na gani. Ka zuba wa sitiyari ido, ka ƙi kallona. Sai na gane.”

Ya kawar da kai wajen titi. Wani mai babur ya wuce, ƙura ta lafa, yana nan tsaye.

“Sati guda na yi ina haɗa maganar nan,” ya ce. “Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Sau ɗayan nan ne bakina ya iya.”

Yaya ta danna hon. Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, na karkato masa da kunnen dama gaba ɗaya, ban damu da wa ke kallo ba. Sai ya rufe bakin, ya zagaya ya shiga mota.

Har yanzu da nake rubuta muku wannan bai kira ba, ni ma na kasa. Maganar da na ba shi amsarta, wadda a kanta ya ɗauko yayarsa ya kawo gidanmu, ban taɓa jin ta ba, kuma ban sani ba ko bakinsa zai sake iyawa.